Hancin Yaya

Ranar da dutsen guga ya cinye rigata tsoro ya fara kama ni. Na bar shi a kan rigar na fita amsa waya. Da na dawo, ɗakin ya cika da ƙauri, har matar Yaya ta rugo daga waje tana salati. Shi kuwa Yaya yana zaune ya ba teburin baya, ya tura hancinsa cikin wani farin takalmin kambas.

"Na gaske ne," ya ce. Bai ji ƙaurin ba sam.

Yaya ne ya riƙe ni tun rasuwar Baba, kuma da hancin nan ya riƙe ni har na gama jami'a. A layin masu takalma Hanci ake ce masa. Ba mai karɓar sabon kaya sai an kira shi. Ɗinki da tambari da kwali, masu yin jabu sun daɗe da ƙwarewa a kansu. Gam ne ya gagare su. Na jabu hawa kai yake kamar fetur, in ji Yaya, na gaske kuwa sai ka nemi warinsa. Yakan zare soson ciki, ya ja numfashi, ya lumshe ido, sannan ya yanke hukunci.

"Auta, in ka samu aiki turare za ka saya min," yakan ce. "Hancin nan bai taɓa jin daɗin duniya ba."

Bayan ƙonewar rigar na tsare shi. Ya ce mura ce. Na ce mura ba ta sa haɓo kullum, na ga jini a tsummansa.

"Rufa min asiri, Auta. In suka ji, me za mu ci?"

Ya ci gaba da fita, yana shinshinawa don idon mutane, yana canka da ido da hannu. Wata rana ya amince da kayan wani mai rumfa da ake kira Dogo. Ba a jima ba masu saye suka fara dawowa da takalma sun buɗe baki.

Dogo bai yi faɗa ba. Ya tara 'yan layi, ya miƙa wa Yaya kambas guda. Ina tsaye a wurin, na kawo wa Yaya magani. Tun daga nesa nake jin warin kananzirin da aka ɗiga a ciki.

"Malam Hanci, taimaka mana da wannan."

Na buɗe baki, Yaya ya riga ni. Ya shaƙa, ya lumshe ido.

"Na gaske ne."

Layin ya fashe da dariya. Wani ya ce, "Ashe hancin ma jabu ne!" Mutanen da suka gina gidaje da hancin nan, ba wanda ya ce masa sannu, balle ya tambayi lafiyarsa. Na ja Yaya muka koma gida.

Washegari na kai shi asibiti. Likita ya ce akwai tsiro can cikin hancin, suka yanki kaɗan aka tura gwaji, a gani ko ciwon daji ne. Yaya ya daina fita. Yana zaune a ƙofar ɗaki, matarsa tana dafa abin da ba ya jin ƙamshinsa.

Na koma asibitin jiya. Sun ce sakamakon bai dawo ba tukuna.