Ranar da Baffa Ya Kira Sunan Mahaifiyarsa

Ku da kuka san Baffa, ai ba sai na kwatanta muku ba. Da an ce "makahon nan" ko "gurguwar can" a gabansa, sai ya ɗage yatsunsa daga kan tafireta, ya kai tafin hannu bayan kunne kamar ladan, ya karkato kai ya ce, "Sunansa wa?" Daga nan ko sama da ƙasa za su haɗe ba zai ƙara buga harafi ɗaya ba sai an faɗa masa. Har mutanen Jos suka gaji suka laƙaba masa Sunansa-wa, shi da ya ƙi jinin laƙabi a duniya. Kun ji alhaki!

Saboda yaran da ba su riske shi ba: ƙanen mahaifina ne, kuma marubucin wasiƙa ne a gindin mangwaron nan na kusa da kotu. Teburinsa ƙafa uku da rabi gare shi, dutse ne cikon ta huɗun. Tsimi kuwa, wayyo Allah! Takardar kabon sai ya yi ta amfani da ita har kana hango duwatsun Naraguta ta cikinta. Tsohuwar ambulan ya farke ta, ya juya cikinta waje, ya liƙe da koko. Amma sunan mutum, ko tsawonsa ya kai daga nan zuwa Bukuru, sai ya buga shi cikakke. Yakan ce, "Takarda tsada gare ta, amma suna ba ya cin wuri."

Suna ɗaya tak ne ba ya fita daga bakinsa, shi ne nawa. Sunan kakata aka sa mini, wato mahaifiyarsa, kuma kun san kara irin ta mutanen da. "Uwata" yake ce mini. Ko wata mace ta zo rubuta wasiƙa mai irin sunan, sai ya ce mata "mai sunan tsohuwa", in ya zo buga shi ya kau da fuska wajen kotu ya lalubi haruffan da yatsa. Ni kuma shan inna ya taɓa mini ƙafar hagu tun ina shekara uku, da sanda na tashi. Duk unguwa "gurguwar gidan Malam Musa" suke ce mini, har na saba amsawa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Akwai ranar da Alhaji Garba mai motocin lodi ya zo a rubuta wa mai gadinsa takardar shaidar aiki. Mai gadin ya rasa hannu ɗaya a ramin kuza tun yana saurayi.

Alhaji ya ce, "Malam, buga: ni Alhaji Garba na shaida cewa Dungu..."

Hannu ya tafi kunne. "Sunansa wa?"

"Dungu mana! Kowa haka yake ce masa."

"Ranar suna aka tara jama'a aka ce Dungu? Da hannu biyu aka haife shi, Alhaji."

"Malam, sauri nake, ana yi mini lodin kabeji a Farin Gada."

"Kabeji ba ya gudu."

Alhaji ya yi faɗa, ya yi rantsuwa, ya ce akwai masu tafireta goma a layin nan. Baffa ya ɗauko goro ya ɓare, ya ce Allah Ya kiyaye hanya. Shi ma Alhajin ya san takardar Baffa ce ake karantawa a ofis ba a yamutsa fuska ba, don haka ya ja babbar riga ya tafi. Bayan azahar sai ga shi, ya yi laushi.

"Sunansa Gyang. Ashe har 'ya'ya biyar gare shi, babbar tana koyon aikin jinya a Vom."

Baffa ya ce, "Shekara goma sha ɗaya yana gadin motocinka ba ka san sunansa ba. Da ya gudu da guda ɗaya, wa za ka ce wa 'yan sanda?"

Sai kuma Mama Rahila, wadda ke kawo mana dankali daga ƙauye. Makaranta na shirin sallamar ɗanta, ta zo ido jawur.

Ta ce, "Malam, rubuta ma hedimasta. Ka ce yarona mai farfaɗiya ne, su yi haƙuri da shi."

"Sunansa wa?"

"Luka."

"Sau nawa Luka yake faɗuwa?"

"Kamar sau ɗaya a wata."

"To, sauran kwana ashirin da tara fa, wane ne shi?"

Sai ta fara lissafowa: ya fi kowa lissafi a aji, yana kiwon zomo, shi ke karanta wa babansa wasiƙa. Baffa ya buga duk wannan a sama, sannan a ƙasa ya ce Luka yana da ciwon farfaɗiya, ba a ɗaukarta ta taɓawa, ga abin da malami zai yi in ta tashi. Da ya karanta mata, ta ce, "Kai, Malam, wannan yarona ne kuwa?" Ya ce, "Shi ne. Ke ce kika sa ciwo a gaba yana jansa. Mutum ke jan akuya, Mama, ba akuya ke jan mutum ba."

Kada ku ce ba a taɓa kayar da shi ba. Malam Sabo mai tufkar igiya, abokin dararsa, shi ya yi masa kaye. Malam Sabo ba ya gani, amma da lalube yake cinye Baffa a dara kullum. Ya zo a rubuta wa hukuma ta rufe kwatar ƙofar gidansa. Baffa ya zauna ya ƙawata magana, ya karanto masa: "Ni Sabo, mutum mai lalurar idanu..."

"Tsaya nan! So kake su aiko mini da maganin ɗigawa? Kwata nake so a rufe. Rubuta Sabo mai igiya, makaho."

"Haba Sabo, ai kalmar..."

"Ni na faɗa da bakina, ba wani ya jefe ni da ita ba. Kai da kake tambayar kowa sunan kowa, ni ka tambaye ni?"

Dole Baffa ya zare takardar ya sa sabuwa fil. Kwana uku yana makokin takardar nan, har sai da ya yi amfani da bayanta. Amma tun daga ranar, duk wanda ya zauna a bencinsa sai ya tambaye shi, "Yaya kake so a rubuta ka?"

To, yanzu ga nawa. Ana saura kaɗan soja su miƙa mulki, aka ce kwamitin kasuwa zai raba sababbin rumfuna, kowa ya kai takarda. Ina da shekara ashirin da uku, ina ɗinki da keken hannu a zauren gidanmu, inda ba mai ganina sai kaji. Rumfar nan ita ce fitata, don in ban samu ba a zauren nan zan tsufa. Kowa ya ba ni shawara iri ɗaya: ki sa a rubuta ke gurguwa ce, marainiya, a taimaka saboda Allah. Suka ce irin wannan takardar ce ke sa manya su ji tausayi.

Na je na zauna a bencin Baffa. Ya ce, "Uwata, yaya kike so a rubuta ki?"

Na ce, "Gurguwa, abar tausayi. A sama, da manyan baƙaƙe."

Ya ce, "A'a."

"Baffa, ai ka ce a tambayi mai abu! Malam Sabo ma ka buga masa."

"Sabo ya faɗi nasa yana ɗaga kai. Ke kin faɗi naki kina kallon ƙasa. Har cikin ranki haka kike so a kira ki?"

Wallahi na ji haushinsa ranar kamar in kifar da teburin, ai ƙafa uku da rabi ne, ba wuya. Na ce shi yana da ƙafa biyu, me ya sani? Na ce girman kansa zai ja mini asarar rumfa. Na yi kuka har da majina a gaban mutanen kotu. Ya bar ni na gama, ya miƙo mini ƙyallen da yake goge tafireta, ya ce, "To faɗa mini da gaske." Na ce, "Tela." Ya ce, "Madalla."

Ya sa sabuwar takarda, ba juyayya ba, ya kau da fuska wajen kotu ya buga sunana. Ya rubuta shekaruna bakwai a ɗinki, da kayan makarantar da na ɗinka wa yaran unguwa, da rigunan amaren da suka fita daga hannuna. Layi ɗaya kawai ya ba ƙafata, can ƙasa: tana tafiya da sanda, don haka tana neman rumfar da ba ta da matakala. Na karɓa ina cewa a raina shi ke nan, tsohon nan ya kashe ni.

Ranar rabo ya rufe tafireta ya raka ni, shi da ko ranar sallah sai ya leƙa gindin mangwaro. Mutane cike da harabar ofis, 'yan kwamiti a kan dogon tebur, har da Alhaji Garba a cikinsu. Wani akawu mai faffaɗan wando yana kiran mutane ɗaya bayan ɗaya. Da ya hango ni, ko takardar bai duba ba, ya ce, "Ina gurguwar nan mai keke? Ta matso."

Na ɗaga sanda zan tashi, don ni rumfa nake so. Baffa ya dafa kafaɗata. Na ga hannu ya nufi kunne, na ce inna lillahi, yau mun shiga uku.

"Sunanta wa?"

Akawu ya ce, "Baba, takardu sun fi ƙarfina, ba ni da lokaci. Kai ka kawo ta. In ka san sunan ka faɗa, in ba haka ba oga ya ce mu wuce na gaba."

Sai Alhaji Garba ya fashe da dariya har hularsa na zamewa. "Yau an kama Sunansa-wa! Sunan tsohuwarsa ne, ba zai iya faɗa ba!" Waɗanda suka san zancen suka kwashe da dariya. Na buɗe baki zan faɗa da kaina, Baffa ya ce, "Bari, Uwata. Ni na tono faɗan nan."

Na dube shi. Ga sanyin safiyar Jos, amma gumi ke bin wuyansa. Ya cire hula, ya mayar. Ya gyara murya sau biyu. Akawu ya ɗago takarda ta gaba. Sai Baffa ya miƙe tsaye sosai, bai kau da fuska ko'ina ba, ya dubi akawun ido cikin ido.

"Sunanta Hauwa'u. Hauwa'u Musa, tela. Sunan wadda ta haife ni ne, shekara sittin ban taɓa faɗarsa ba. Yanzu kai ma ka faɗa."

Akawu ya lalubo takardata, ya ce a hankali, "Hauwa'u Musa." Na ce, "Na'am." Ban taɓa jin daɗin amsa kira irin na ranar ba. Shugaban kwamiti ya karɓi takardar ya karanta ta har ƙasa, ya tambaye ni ko ina ɗinka kayan maza. Na ce har babbar riga. Alhaji Garba, wanda dariya ta riga ta gudu daga fuskarsa, ya ce akwai rumfa ta bakin ƙofa, ba matakala. Ita ce wadda kuka sani, inda na aurar da 'ya'ya huɗu da keken hannu.

Muka kama hanyar gida. Sai da muka kusa kotu ya share ido da hannun riga ya ce, "Uwata, in sun gama da takardar nan ki karɓo mini. Bayanta fari ne tas."

Kai, Baffa! Har ya koma ga Mahaliccinsa bai sake faɗar sunan ba, ni ma ban taɓa kiran nasa ba, don ba a yi. Amma yau zan karya kara sau ɗaya, kamar yadda ya karya domina. Ya Allah, Ka san shi ba sai an tambaya ba. Ka jiƙan Idrisu ɗan Hauwa'u, Ka haskaka kabarinsa, Ka haɗa shi da tsohuwarsa a Aljanna. Ku ce amin.