Kumbon Kara da Mutanensa Masu Zane

Ranar wata Litinin ce ta tsakiyar kaka, shekarar da nake aji biyar, ana gobe za a tafi gasar aikin hannu ta makarantun firamare a Dutsin-Ma. Ina tsaye a barandar ofishin hedimasta a makarantarmu ta Kurfi, ƙafafuna duk ƙaiƙayin gero saboda ta gonaki na yanko, kumbon sama jannatin da na ƙera da karan dawa yana bisa tebur. Malam Sabi'u mai koya mana aikin hannu ya ajiye gwangwanin madara cike da kwaɓaɓɓiyar farar ƙasa a gabana, da gashin kaza tsome a ciki. Abin da yake so bai taka kara ya karya ba a wurinsa: in shafe fuskokin mutanen yumɓu guda huɗu da na zaunar a cikin kumbon su koma farare, sai gobe in shiga mota. Ni kuwa ban taɓa taka Dutsin-Ma ba, labarin kwalejojinta da dam ɗinta kawai nake ji. Sau biyu na wanke yunifom ɗina guda ɗaya tilo saboda tafiyar nan, har aron takalmin roba na yi a wurin 'yar ƙanen babana.

Yadda aka yi 'yar manoma ta kamu da son jiragen da ke ratsa taurari, laifin ƙuli-ƙulin innarmu ne. Duk Asabar da hantsi ni ke kai shi cikin gari, gidan wani malamin asibiti mai talabijin da bidiyo da ɗan janareto. Ɗansa Nazifi ajinmu ɗaya, kuma yayansa kan turo masa kaset-kaset daga Katsina, mafi yawa na mutanen da ke tafiya wata duniya. 'Ya'yan ma'aikata su zauna a ciki bisa darduma, mu na ƙauye mu maƙale a taga, ɗaya bisa kafaɗar ɗaya. Ba na jin ko kalma biyar ta Turancin da suke yi, amma wallahi na fi na cikin ɗakin kallo. Abin da ban gane ba sai in cike shi da nawa labarin a hanyar komawa gida, ina tafe ina surutu ni kaɗai da faranti a ka. Na sha duka a kan daɗewa, na sha ƙona wake a tukunya, ranar da aka aike ni roron gyaɗa kuwa sai a tarar da ni na zana taurari a ƙasa da tsinke. Ban daddara ba.

A makaranta muna da ƙungiya, mun sa mata suna 'Yan Sama. Da an kaɗa ƙararrawar tara da rabi sai mu ruga ƙarƙashin wata tsamiya da ke bayan aji shida, saiwoyinta su ne kujerun kumbo, murfin tukunya shi ne sitiyari. Nazifi ne kyaftin kullum, tunda kaset nasa ne. Na kusa da shi sai wanda ya fi haske ko wanda ya iya gwaranci da hanci kamar Bature. Ni kuwa ba a taɓa yin shawara a kaina ba, saboda ina da zanen gidanmu, uku-uku a gefen baki da bille a kumatun hagu. "Saude ce dodon, ai ita ba ta buƙatar kwalliya," haka suke cewa a kwashe da dariya. Sai in ɓuya bayan tsamiya, in fito ina gurnani, su harbe ni da sillen kara, in faɗi in mutu, a tashi. Shekara biyu cur ina mutuwa kowace rana. Abin da ya fi ba ni haushi yanzu shi ne ban taɓa ganin laifinsu ba, don a kaset ɗin ma haka abin yake: in an ga baƙin mutum guda, kafin a yi rabi dodo ya cinye shi.

Da Malam Sabi'u ya ce kowa ya kawo abin da hannunsa ya iya, wanda ya fi kyau shi za a kai gasa, maza suka bazama neman langa-langa da waya don ƙera motoci. Ni na nufi bayan gida inda aka jingine karan dawar da aka girbe. Duk ɗan ƙauye ya san aikin: a ɓare ɓawon kara a fitar da totuwa mai laushi, a tsaga ɓawon siri-siri ya zama ƙusa, inda ya ƙi kamawa a soka ƙayar aduwa. Sati biyu ina yi tsakanin surfe da ɗebo ruwa, yatsuna duk yankan kara. Ya fito dogo kamar tsayin hannuna, da hanci mai tsini da ƙafafu uku da ƙofar da ke buɗewa. Na kwaɓa yumɓun bakin rafi na gina matuƙa huɗu, na shanya su, suka bushe baƙi-baƙi. Daga nan ba wanda ya sa ni, da ƙafata na je inda innarmu ke ajiye farar ƙasar shafen ɗaki na ɗebo, na shafe su tas. A tunanina haka ake yin ɗan sama jannati, kamar yadda ake sa wa miya gishiri.

Kakata ta wajen uba, Iya, ita ce mai kula da rumbunan gidanmu, ba a cire dami sai da saninta. Tana zaune tana ware zangarniyar iri ta hango ni, ta ce in kawo ta gani. Ta juya kumbon, ta leƙa ciki, ta tambayi kwana nawa tafiyar take. Na ce shekaru. Ta riƙe haɓa. "Yo shekaru, ba rumbu ba randa? Mi za su ci, iska?" Ban gama jin kunyar wannan ba ta ciro mutum guda ta kai shi kusa da idonta. "Waɗanga kuma ɗiyan wa ne?" Na ce ba ɗiyan kowa ba ne, 'yan sama jannati ne. Sai ta kama haɓata da hannunta mai kaushi, ta bi zanen fuskata da babban yatsa, ta ce ba don ado wanzami ya tsaga min shi ranar suna ba. A zamanin kakanninta, in yaƙi ko yunwa ta watsa mutane, da zanen nan ake gane yaro ko bayan shekara ashirin, a kamo hannunsa a maido shi ƙofar gidansu. "Wanda zai tafi inda ya fi ko'ina nisa, ja'ira, shi za ki tura ba shaida? In sun dawo wa zai san nasa?"

Ranar na wanke su a kasko, farar ƙasar ta fita ta bar ruwa kamar tsala. Tun yumɓun yana da danshi na ɗauki ƙaya na tsaga wa kowanne zane: biyu irin namu, ɗaya irin na dangin innarmu na wajen Birchi, ɗaya kuma na wani Bafillace mai kawo mana nono. Kyaftin ɗin na ɗaura mata ƙyallen tsohon zanen Iya a ka. Na gina ɗan rumbu a tsakiyar kumbon, bisa duwatsu uku, da jinkarsa ta ciyawa, na zuba ƙwayar gero a ciki, na ajiye 'yar randa a gefe. Da na kai makaranta ba wanda ya yi gardama, nawa ya fi, har hedimasta ya buɗe ƙofar ya rufe sau uku yana murmushi. Sai da aka zo ana gobe tafiya Malam Sabi'u ya leƙa ciki da kyau.

Ba mugun mutum ba ne Malam Sabi'u, in faɗi gaskiya. Shi ya koya min riƙe reza ba tare da na yanke ba. Tsoro yake ji. Ya ce a Dutsin-Ma akwai 'ya'yan malaman kwaleji, akwai alƙalai masu ilimi, in suka ga rumbu a cikin kumbo da mutane masu tsage za su ce 'yan ƙauyen Kurfi sun zo da shirme. Rumbun zai iya haƙura da shi, amma fuskokin a gyara. Kuma Nazifi ne zai yi bayani da Turanci, ni in tsaya a gefe in riƙe. "Saude, ke yarinya ce mai hankali, kada ki ja mana abin dariya," ya faɗa a hankali yana miƙo min gashin kazar. Na karɓa, don wallahi ina son tafiyar nan kamar raina. Na ɗaga ido in roƙe shi, sai na ga abin da kullum nake gani ban taɓa lura ba: hularsa da yake jawowa ƙasa har bisa kunne, da layukan zane da ke leƙowa ta ƙarƙashinta a gefen goshinsa. Bakina ya riga hankalina. Na ce, "Malam, ai kai ma kana da shi. In kai ne za ka tafi, sai a shafe maka?"

A garinmu yaro ba ya faɗa wa babba irin wannan, na sani, kuma na tsaya ina jiran bulala. Bai ɗauko ba. Ya kai hannu ya gyara hular, ya ce ba da shi nake ba, da gasa nake, in zaɓa: ko in shafa ko a tafi da motar langa-langar Nazifi. Na mayar da gashin kazar cikin gwangwani. Na cire ɗankwalina na yi gammo, na ɗora kumbona a ka kamar damin itace, na ce, "Malam, sai da safe," na bi ta tsakiyar fili kowa yana kallo. Sai da na wuce gonakin bakin gari na fashe da kuka, irin na majina da shessheƙa, ina tafe ina tallabe kumbon kada ya faɗi. Washegari ina jin ƙugin motarsu daga aji, na kifa kai bisa benci. Takalmin aro na mayar da shi ko sawa ban yi ba.

Iya ba ta lallashe ni ba, ba halinta ba ne. Ta karɓi kumbon ta ɗora shi bisa bangon da ke kusa da babban rumbu, ta ce, "Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni," ta miƙo min tsintsiya. Ranar Laraba da aka taru ƙarƙashin tsamiya aka ce in je in ɓuya, na ce na gama mutuwa, su nemi wani dodon. Na ja 'yan ƙauyenmu biyar muka koma gindin wata bishiyar bedi, muka kafa namu kumbon. A namu ana tsayawa a yi salla, ana dama fura, kyaftin kuma karɓa-karɓa ne. Kafin a ba da hutu rabin 'Yan Sama sun dawo wurinmu, har da Nazifi, da muka sa ya yi mai gadin rumbu na sati guda kafin ya taɓa sitiyari. Kumbon karan kuwa gara ta cinye shi kafin damina, mutanen yumɓun suka narke ɗaya bayan ɗaya a ruwan farko.

Yanzu ina zaune a Dutsin-Mar da aka hana ni, ina koyar da kimiyya, ina kuma rubuta labaran taurari da Hausa ina sawa a zaurukan waya inda masu son irin waɗannan labarai ke haɗuwa. Yara sun daina maƙalewa a taga, kowa da kallonsa a tafin hannu, kuma an fara ganin baƙaƙen fuskoki suna kaiwa ƙarshen fim da ransu. Amma gwangwanin madarar nan bai ɓace ba. Wani a zaure ya ba ni shawara in sauya wa jarumata suna, wai Hajara ba ta dace da kumbo ba. Mai zanen da na ba aikin bangon labari ya dawo min da ita fara sol, fuska sumul. Na mayar masa sau biyu. A asibiti an taɓa duban fuskata aka tambayi wanda ke bayana ko zai cika min takarda, kamar ban iya rubutu ba. Kwanan baya mai hoton fasfo ya miƙo min hotona yana fara'a, ya ce, "Hajiya, na gyara miki fuskar a kwamfuta." Na zauna bisa bencinsa na ce ba inda zan je sai ya maido min da kayana, layi bakwai, in ƙirga.

'Yata ba ta da zane, kuma ba zan so a kai aska fuskarta ba, wannan zamani ya wuce. Sai dai in na ga tana zana 'yan sama jannati a bayan littafinta, nakan leƙa in tambaye ta ɗiyan wa ne, in ji muryar Iya ta fito daga bakina. Iya ta daɗe da rasuwa, rumbunanta sun rushe an zuba bulo a wurin. Ni dai har yau ban je sama ba, amma duk inda na shiga an san ɗiyar wa ce.