Kujerar Makkan da Gwaggo Ramatu ta ƙi

Wannan watan na aikin Hajji ya cika shekara bakwai da rasuwar Gwaggo Ramatu, ƙanwar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun ina rarrafe. Duk wanda ya daɗe a Zangon Kwatano ya san ta, ko da bai san sunanta ba. Ita ce matar nan mai tuyar waina da wagashi, wato cukun nono, a kwanar layinmu, mai yi wa 'yan zemijan, masu acaɓa, tas idan suka tsaya suna busa mata hayaƙi a kan tanda. Duk shekara in maniyyata suka fara shiri sai ta faɗo mini a rai, kuma raina ɓaci yake yi.

Tun ina 'yar makaranta Gwaggo take tarin kuɗin Makka. Ba mace ba ce mai saurin yarda. Ko gishiri za ta saya sai ta ɗanɗana. Da aka buɗe wani gidan ajiyar kuɗi wajen unguwar Santa Rita, mata suna ta rububin kai nasu, ita ƙi ta yi. Sai da ta ga manyan hukuma a talabijin suna yanka ƙyalle a ƙofar gidan, suna rungumar masu shi, sannan ta kwance ƙullinta. Ribar da ake ba masu ajiya ma ba ta taɓa karɓa ba. Ta ce kuɗin da za a je Ɗakin Allah da shi ba a gauraya shi da komai.

Shekarar da kuɗin suka cika, ta yi abin da kowane maniyyaci yake yi a wurinmu: ta bi gida gida tana neman gafara. Ba ta tsallake ƙofa ko ɗaya ba. Har unguwar Abotru ta haye a kan babur, da ciwon gwiwarta, don ta sami wata tsohuwar abokiyar gabarta da suka yi shekaru ba sa ga maciji saboda wurin kasa kaya. Suka rungume juna suna kuka. Ta dawo fuskarta wasai, ta ce mini yau ba ta riƙe da kowa, ba wanda yake riƙe da ita. Yara har sun fara kiran ta Hajiya, tana korar su tana dariya.

Ba a rufa sati biyu ba aka wayi gari da kwaɗo a ƙofar gidan ajiyar.

Wanda ya ga Kwatano a kwanakin nan ba zai manta ba. Mutane sun cika titi, an ƙona tayoyi, an farfasa gilasai. A rediyo kuwa sai jifan juna: masu mulki suka ce ɓarnar waɗanda suka gabace su ce, na adawa suka ce ta masu mulki ce, sannan duka suka haɗu a kan cewa guguwa ce daga ƙasashen waje. Ba a jima ba aka ɗebi kuɗin jama'a aka tallafi manyan bankunan da abin ya shafa, wai don kada ƙasa ta durƙushe. Ƙananan masu ajiya aka kafa musu kwamiti, aka ce kowa ya kawo dosiye, wato takardun shaidarsa. Abin da ya fi ƙona wa Gwaggo rai shi ne jin wani babba yana cewa kwaɗayin riba ne ya jawo wa talakawa. Ranar ta kashe rediyon, ba ta ƙara kunna shi ba.

A cikin masu jan zanga-zanga akwai wani ɗan unguwarmu. Ba zan kama sunansa ba. A lokacin Mai Lasifika muke ce masa. Muryarsa har dushewa take yi wajen zagin ɓarayin gwamnati, Gwaggo tana ƙunsa masa waina kyauta don ya samu ƙarfin ci gaba. Fushinmu ne ya kai shi majalisa. Bai shekara a can ba ya koma gefen waɗanda yake zagi, muryar ta warke sarai, ta yi laushi.

Da wani zaɓen ya matso sai ga shi a kwanar layinmu cikin farar mota, da mai ɗaukar hoto a bayansa. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta, ya ce ya kawo mata kujerar Makka. Abu ɗaya kawai ake so: ta dubi mai hoton ta ce abin da ya wuce ya wuce, ta yafe, mutanen Zango su yi haƙuri.

Ina tsaye a wurin. Gwiwa ta riga ta ci ta, kowa ya san ba za ta sake tara wani kuɗin ba.

“Ɗana,” ta ce, “na zagaye Zango na yafe wa kowa, don kowa ya buɗe baki ya ce in yafe masa. A cikinku wa ya ce shi ya yi? Kawo mini mutum ɗaya da zai ce ni ne. Ba sai ya biya ni ba.”

“Gwaggo, ai ba laifin mutum ɗaya ba ne. Abin na duniya ne gaba ɗaya.”

“To duniyar ta zo ta roƙe ni. Matsa, wainata tana ƙonewa.”

Mutane da yawa sun ce ta yi wauta. Mahaifina ya yi mata faɗa, ya ce kiran Allah ne ta mayar. Ita kuwa da ta shiga ɗaki kuka ta yi kamar ranta zai fita, don tana son tafiyar nan fiye da komai a duniya. Kujerar aka ba wata maƙwabciyarmu, wadda ta faɗi abin da aka ce ta faɗa. Gwaggo ba ta ga laifinta ba. Ita ta yi mata dambun nama na guzuri, ta ba ta aron akwatin da ta saya wa kanta.

Yau ginin nan na Santa Rita an yi masa sabon fenti, wani kasuwancin ake yi a ciki. Bankunan da aka ceto sun ƙara benaye. Mai Lasifika ya je Makka har mun daina ƙirgawa, in ya shigo masallaci ana matsa masa a sahun gaba. Matasan unguwa suna ajiyar kuɗi a waya, in ka ba su labarin sai su dube ka kamar mai tatsuniya. Da Gwaggo tana nan, na san ba kuɗin za ta tambaya ba. Cewa za ta yi, har yanzu ba a samu wanda ya yi ba? Ni ma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan: asarar da ta kwantar da tsofaffi, ta raba aure, ta hana mutane sauke farali, amma har yau ba ta da mai ita.

Ba ta bar gida ba, ba ta bar fili ba. Tandar ma wata 'yar uwa ce ta ɗauka. Abin da ta bar mini saƙo ne. Da ciwo ya yi tsanani, mahaifina ya zauna a bakin katifarta yana roƙon ta yafe wa kowa kafin ta koma ga Ubangijinta. Sai ta lalubo hannuna.

“In mai laifin ya zo bayan raina, ya ce shi ne, ki faɗa masa na yafe.”

Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya rubuta mata ladan niyyarta. Saƙon yana hannuna shekara bakwai ke nan. Gidanmu yana inda yake, kowane ɗan zemijan ya san kwanar mai waina. Har yau ba wanda ya zo karɓa.