Ruwan Shuka Ya Riga Ni Isa Gonar Wana

Ina bakin karofi ina matse zane, hannuna shuɗi har gwiwa, sai wani falke mai kanwa ya tsaya a kaina ya tambaya ko ni ne ƙanin Ɗan'asabe na ƙasar Malumfashi. Na ce ni ne. Ya sauke kayansa tukuna, sannan ya ce, "Sai haƙuri. Mahara sun same shi a gona." Ban tuna abin da na amsa ba. Na dai tuna zanen mutane ya zame ya koma ramin baba, ban sa hannu na ciro ba.

A ranar na so kama hanya, aka hana ni. Tun da mahayan Maraɗi suka sauko ba mai bin ta shi kaɗai, sai a jira ayari. Na jira, kullum idona na gabas, inda hadari ke tasowa. Ni ɗan manoma ne kafin in zama marini. A wajenmu iri in ya shiga ƙasa ba a tone shi. Wanda ya shuka, daminar tasa ce, ko gonar ta wane ne. Wana kuwa ya bar mata da yara ƙanana, ba mai riƙe fartanya a cikinsu.

Mun tashi da asuba daga Funtuwa, masu jakai a gaba, mu 'yan ƙafa a baya. A ƙofar Bakori aka tsayar da mu karɓar garama, wato kuɗin kaya. Ba ni da kaya sai gora da tabarma. Mai ƙofar ya juya ni gaba da baya, ya rasa abin kamawa, ya dubi hannuna ya ce ko shunin nan ma na biya masa. Ayari ya yi dariya. A kasuwa dawa ta yi tsadar da ban taɓa gani ba a wannan lokaci na shekara. Na sayi fura, na ce wa mai ita nonon nan ruwa ya fi yawa. Ta ce, "Shanun suna Maraɗi, Malam. Je ka can ka sha mai kauri."

Daga nan hanya ta daina ba da dariya. Kufai bayan kufai. Rumbuna a tsaye ba jinka, bakin rijiyoyi ya cika da ciyawa. An ba da umarni daga birnin Katsina kowa ya bar ƙauye ya shiga garin da ke da ganuwa, mutane kuma sun bi. Sai dai gona ba ta shiga ganuwa. Tana waje, kuma a kanta ake karɓar kuɗin ƙasa.

Washegari da la'asar hadari ya haɗo. Ruwa ne mai nauyi, irin wanda ke jiƙa ƙasa har inda iri ke kwanciya. Mutanen ayari suna ta hamdala, wani tsoho ya cire hula ya tara kansa. Ni na zauna gindin tsamiya. Ban taɓa zaton zan ji ƙamshin ruwan farko zuciyata ta ƙi shi ba. Rafin da ke gabanmu ya cika, muka ƙara zaman kwanaki har ya janye.

Na iske matar wana a cikin takaba, a wata bukka da aka ba su jikin ganuwar garin da suka koma. Da can in ta gan ni tun daga nesa take tsokana, wai kada mai baƙin hannu ya taɓa mata ƙwarya. Ranar nan ruwa kawai ta miƙo ta ce, "Sannu da hanya." Ita ta gaya mini yadda aka yi. Jakadan birni ne ya sa aka yi shela cewa duk gonar da ba a share ba kafin ruwa, za a ba baƙi. Wana ya ɗauki gatari ya fita sharar gona. Waɗanda suka hango daga kan ganuwa sun ce ya ƙi miƙa hannu a ɗaure shi. Wata da ta ɓuya a ciyawa kusa ta ce wanda ya soke shi askar fuskarsa irin ta mahaifinmu ce, kuma da bakinmu yake ihu, wai ƙasar ubanninsu ce aka ƙwace.

Da safe na je gonar. Gambar da mahaifinmu ya dasa a kan iyaka tana nan. Dawa ta riga ta tsiro, layi-layi, shukar wanda ya iya. Wani mutum ya miƙe daga duƙe, da fartanya a hannu.

Na ce, "Bawan Allah, ka san gonar wa kake ciki?"

Ya ce, "Na sani. Na yi masa addu'a kafin in zuba iri. Ni ma tawa tana arewa, da kabarin uwata a gefe. An ƙone garin. Aka nuna mini nan, aka ce shuka."

Na zo da faɗa a bakina, na rasa inda zan ajiye shi.

Na kai ƙara zauren mai gari. Jakadan yana gefe a kan buzu, yana cin goro. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, gonar marayu ce."

Mai gari ya ce, "Mun sani, ɗana. Da ka riga ruwa zuwa, ba mai taɓa ta. Yanzu iri ya tsiro. So kake in sa a tumɓuke?"

Ya san ba ɗan manomin da zai ce i. Ban ce ba. Na dai tambaya ina dawakin da ake ciyarwa da dawarmu suke ranar da aka kashe wana. Jakadan ya tofar da goro ya ce, "Dawakin birni ba don gadin gonar mutum guda aka ɗaure su ba." Mai gari ya yi sauri ya ce in dawo da kaka a duba.

Na komo da wani ayari, ban lura da komai a hanya ba. Abin da tafiyar nan ta nuna mini ba shi da yawa. Na Maraɗi sun ce su ne Katsina ta asali, na birni sun ce su ne Katsina ta gaskiya. Waɗancan sun ɗauki ran wana da sunan ƙasa, waɗannan sun ɗauki gonarsa da sunan ƙasa. A cikinsu babu wanda ya taɓa sanin ta wane gefe ruwa ke kwanciya a gonar nan.

Zan koma da kaka, yadda aka ce. Amma kafin in taso na ji mutumin ya riga ya yi magana da makiyaya su zauna masa a gonar da rani, kuma ba a neman taki don gonar da za a bari. Maganar tana gaban mai gari, ba a yanke ta ba.