Ranar Ƙaddamar da Littafin Malam Lawal

Har gobe ban manta da ranar da muka ƙaddamar da littafin Malam Lawal ba, a shekarar 1999, ana cikin zumuɗin komawa mulkin farar hula. Lokacin ni ne mai tsara rubutu a wata ƙaramar maɗaba'a kusa da Babbar Kasuwa. Aikina in buga abin da marubuci ya kawo a na'ura, in daidaita shafuka, in miƙa wa masu inji.

Malam Lawal tsohon hedimasta ne, matarsa ta rasu, 'ya'yansa duk suna Legas. Ya rubuta ƙagaggen labari a kan wata yunwa da aka yi a birnin nan zamanin kakanni. Wani ƙaramin kamfanin wallafa a Kaduna ya karɓa, ya yi alkawarin kai shi makarantu da shaguna, amma da sharaɗi: a cire babin da attajiran gari suka ɓoye hatsi talakawa na mutuwa. Wai jikokin irin waɗannan mutanen ne ke shiga gwamnati yanzu.

Da ya kawo rubutun maɗaba'armu ya ba ni labarin, na ce, "Baba, ku cire mana. Su suna da hanyar kai littafi ga jama'a. Mu bugawa kawai muka iya."

Ya harare ni ta saman tabarau. "Yaro, kakata ce ta ba ni labarin nan tana kuka. In cire kukan, mi ya saura?" Ya ce shi zai buga abinsa da kansa.

To, ku yaran yanzu masu koyon aikin ɗab'i a wurina, ku gane, wanda ya buga littafinsa da kansa, ƙaddamarwa ce gatansa. Ana gayyato manya, su saya da daraja, su raba wa makarantu, daga nan littafi ya shiga gari. Malam ya bi gida-gida da ƙafarsa yana kai goron gayyata, kowa ya ce in sha Allahu.

Ashe ranar ta zo daidai da walimar wani sabon zaɓaɓɓe a Batagarawa. Wallahi duk masu in sha Allahun nan can suka kwarara. Muka jera kujeru, muka tara littattafai a tebur, muka zauna. Muna jin motoci suna wucewa da kiɗa. Har la'asar daga ni sai shi sai mai hayar kujeru, shi ma yana ta duban agogo. Tausayin Malam ya kama ni har na kasa haɗa ido da shi.

Da aka fara kwashe kujeru, ya gyara babbar rigarsa ya juyo.

"Sani, kai da ka buga, ka karanta, ko haruffa kawai ka bi?"

Na ce, "Na karanta, Baba. Inda uwar nan ta dafa ƙasa a tukunya don yara su yi barci, sai da na tashi daga kan na'ura."

 Sai ya ɗauki kwafi ɗaya, ya sa hannu, ya miƙo mini da hannu biyu kamar yadda ake miƙa wa babban baƙo.

Tun ranar na gane marubuci ba inji yake nema wurinmu ba, mutum yake nema. Shi ya sa nake muku faɗa kullum: in aka kawo aiki, ku karanta. Wataƙila ku kaɗai ne za ku karanta shi.