Leɓen Filetu a Cikin Dutse

Shekara talatin ina auren Kresimu, masassaƙin dutse a hanyar maƙabartar garin Ostiya, ban taɓa jin ya jera magana goma ba. Ni ce mai bakin gidan. Aikinsa fuskokin wasa, irin waɗanda 'yan dandali ke kifawa a kai, baki wangame, ido zuru-zuru. Yakan fitar da su daga farin dutse, a kafa a kusurwar kabari. Har miyata ƙurar dutse take ci.

Da Filetu ɗan barkwanci ya mutu, abokan wasansa suka ce a yi masa fuskar bawa mai wayo, wadda duk gari ya san shi da ita. Sai ga uwarsa Tertulla, tsohuwa makauniya, ta lallaɓo har ƙofarmu.

"Ɗan nan," ta ce wa mijina, "ni ban taɓa ganin wasansa ba. In na kai masa giya da furanni kabarinsa, me zan shafa in san nawa ne? Wannan dodon?"

Kresimu ya ci gaba da sassaƙarsa. Na ce, "Kai gunki, da kai fa ake." Ya ce, "To, Iya."

Wata guda ya yi a kan dutse ɗaya, da wani ƙarfe siriri kamar tsinke, hannunsa cikin bakin fuskar. Na yi mita har na gaji. Ranar da aka kafa ta, abokan suka yaba, sak wadda suka sani. Ni kuwa raina ya ɓaci, don ban ga abin da aka yi wa tsohuwar ba.

Sai Kresimu ya kama hannunta, ya zura yatsunta cikin wangamemen bakin. Na sunkuya na leƙa. A can ciki ya sassaƙa wani bakin, ƙarami, na mutum, da tabo a leɓen sama. Ashe duk shekarun da yake zuwa kallon wasan Filetu, abin da ke bayan fuskar yake kallo. Ranar na ji tsoron hannun mijina.

Tertulla ta daɗe tana shafa tabon.

"A bakin rijiya ya faɗi, yana shekara huɗu," ta ce. "Ni na ɗauke shi."

Har muka isa gida ban ce uffan ba.