Ɓauren da Ba Mu Gama Aunawa Ba

Mutum nawa ne itacen nan? Har yau ban sani ba, kuma shi ne yake tashe ni daga zaune. Maƙwabciyata da take rubuta mini wannan ta ce in zauna wuri ɗaya in faɗa. Na kasa. Ina faɗa ina zagaya ɗaki ina share hawaye.

Maigidana mai zarto ne tun yana saurayi, a dazukan kudu da Damazin, can Sudan inda aka haife mu. Ubansa ya sari bagaruwa ana shimfiɗa ta ƙarƙashin layin dogo a zamanin Turawa. Shi kuma maɗaci ya tarar. Maza biyu ne suke jan zarto, ɗaya a sama, ɗaya a cikin rami, garin katako na zuba masa a ido. Ba su auna itace da igiya. Maza ne suke rungumarsa, ƙirji manne da ɓawo, hannu cikin hannu, har da'irar ta rufe. Sai a ce wannan mutum uku ne, wancan mutum biyar. Daga baya zarton inji ya shigo, masu gawayi suka bi baya, motocin noma suka share saura. Da muka taso zuwa Jidda, in ka ga itacen mutum biyu a tsaye a dajin nan to ka yi sa'a.

A unguwar Mahjar ta Jidda ya yi aikin kafinta har ƙarfinsa ya ƙare. Katakon da jirgin ruwa ke kawowa ne, ya zo a yanke, a goge. Ya ce ko wari ba ya yi. In ya fara ba 'ya'yanmu labarin maɗacin mutum biyar, sai su kalli juna. Haihuwar unguwar Waziriyya ne a nan Jidda, babban itacen da suka sani dogon yaro ne na bakin titi. Ɗan farinmu, wanda ba na faɗin sunansa, yakan yi dariya ya ce wa uban da Larabcinsu, "Halas ya abuya, bara mutum huɗu ne, bana ya ƙara ƙiba?" Maigida ya yi dariya tare da su, amma ni nake ganin fuskarsa bayan sun fita. Abin da yake so kawai, yaron nan ya ga irinsa da idonsa ya yarda.

Mijin 'yarmu direba ne, shi ya kawo labarin wani ɓaure a kwarin da ke ƙasan duwatsun Baha. Lokacin zuciyar maigida ta riga ta yi rauni. Na ce ba za a je ba. Ya daina cin tuwo da ni har na ce a je.

Da muka sauka daga mota ban gane itace ɗaya ba ne, na ɗauka kurmi ne. Saiwoyinsa sun kai mini ƙugu. Maigida ya yar da sandarsa, ya dafa shi, ya yi masa sallama kamar mutum.

"Ka san me ya cece ka?" ya ce wa itacen. "Katakonka banza ne. Da maɗaci ne kai, da yanzu kana ƙofar wani attajiri."

Sai ya juyo. "Yalla, ku zo a auna."

Ya manna ƙirji, ɗanmu ya kama damansa, suruki ya kama hannun ɗanmu ya zagaya baya. Ba su haɗu ba. Tsakanin yatsun maigida da na suruki akwai fili.

"Hajiya, cike mana nan," in ji maigida.

Ni in kama hannun suruki? Ɗanmu ya ce, "Tayyib, ya ummi, mu sauya wuri." Suka sauya. Yanzu filin yana tsakanin ɗana da ubansa. To amma in riƙe hannun mijina, in manna jikina da itace, suruki yana nan, ɗan fari yana nan? Tun da aka kai ni gidansa ko a tabarma ɗaya ba mu taɓa zama a gaban yara ba. Na ja mayafi na rufe baki na ce ƙafata ke ciwo.

"Uku da rabi, ya abuya," in ji ɗanmu. "Bai kai huɗu ba ma."

Maigida ya daɗe da hannunsa a miƙe, yatsunsa na motsi a kan ɓawon. Sannan ya sauke, ya nemi sandarsa.

A hanyar dawowa numfashinsa ya sauya. Ba mu kai Jidda da shi yana magana ba. Ina kujerar baya kusa da shi, ina kuka a cikin mayafi, ya san ba kukan ciwonsa kaɗai ba ne. Ya karkato kansa yadda na gaba ba za su ji ba, ya yi mini maganarsa ta ƙarshe, ya ce, "Bar kukan nan, Hajiya. Ke da gajeren hannunki, ai ko kin zo sai an nemo wani."